Kafin Ka Sare Itace, San Aikin da Yake Yi wa Iska

Duk farkon damina labarin ɗaya ne: hadari ya taso daga gabas, iska ta yaye rufin kwano, yashi ya binne geron da bai daɗe da tsirowa ba. Akan ce ƙaddara ce, kuma haka ne. Sai dai ƙarfin da iska ke isowa da shi gida ko gona ya danganta da abin da ta tarar a hanya.

A fako ko filin da aka share ƙarƙaf babu mai tare ta, sai ta zo da gudu tana kwasar ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka. Yashin da ta ɗauko ne ke yayyanka ganyen tsiro har ya bushe, manomi ya koma neman iri. Idan kuwa ta ci karo da jerin itatuwa, ƙarfinta kan karye. Kariyar takan kai nisan tsayin itatuwan sau 10 zuwa 15. Wato jerin darbejiya mai tsayin mita 10 na iya kare fiye da mita 100 na gonar da ke bayansa.

Shingen da ya fi aiki shi ne wanda iska ke ɗan ratsawa, kamar darni. Wanda ya toshe ruf, iska kan haye shi ta faɗo baya tana juyi da ƙura. Giɓi ma haɗari ne: idan aka sare itatuwa biyu ko uku a tsakiyar jeri don gawayi, iska za ta matsu ta nan, ta fito da ƙarfin da ya fi na da.

Yanayin wuri ma yana da tasiri. Iska na ƙara gudu a kan tudu da kuma mashigi tsakanin duwatsu biyu, don haka mai gini a irin wannan wuri ya ɗaure rufinsa da kyau.

An gwada an gani. A kwarin Majiya da ke yankin Tawa a Nijar, tun 1975 aka fara dasa darbejiya layi bibbiyu, da tazarar mita 100 tsakanin shinge da shinge, tare da tallafin ƙungiyar CARE. Zaizayar ƙasa ta ragu, amfanin gero ya ƙaru, aka kuma samu itacen girki daga datse rassa.

Mai son dasawa ya gitta jerin a gaban inda iska ke fitowa: gabas saboda hadari, arewa maso gabas saboda hunturu. A haɗa dogayen itatuwa da gajeru don kada ƙasan ya zama kafa, a cike gurbin duk wanda ya mutu, a kuma killace su daga awaki. A gida kuwa, kada a dasa itacen turare dab da ɗaki, domin rassansa na saurin karyewa.