Gyambon Ciki: Sahihin Zance da Ƙanzon Kurege

Duk wanda ya saba zama a majalisun cikin birnin Kano, tun daga Ƙofar Mata har gindin Dala, ko yake ratsa rumfunan masu magani a Kasuwar Kurmi, lalle ya san babu ciwon da ake yi wa fatawa ba da ilmi ba kamar gyambon ciki, wanda jama'a ke kira olsa, domin da zarar mutum ya dafe ƙirji ya ce yana jin ƙuna, kafin ya rufe baki an faɗi sababin ciwon, an kuma wassafa masa magani. To, tun da yake zato ba ya zama hujja komai yawan masu riƙo da shi, wajibi ne mu bi waɗannan maganganu, mu ware abin da bincike ya tabbatar daga abin da baki ya ƙaga.

Mas'ala ta farko ita ce cewa yunwa da azumi da barkono su ne ke haifar da gyambo. Wannan kuskure ne, ko da yake an yi zamanin da likitoci da kansu suke ɗora laifin a kan abinci da damuwa, bisa zaton babu abu mai rai da zai iya zama cikin tumbi saboda ƙarfin ruwan tsamin da ke narka abinci. Ana nan a kan haka har 1982, sa'ad da wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raini wata ƙwayar cuta da suka samo daga tumbin majinyata, wadda yanzu ake kira Helicobacter pylori. Da abokan aikinsu suka yi shakkar cewa ita ke haifar da ciwon, sai Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, tumbinsa ya kumbura, kuma a 2005 aka ba Warren da Marshall lambar Nobel. Ita wannan ƙwaya, da kuma yawan shan magungunan kashe zafi irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, su ne asalin galibin gyambo. Iyakar gaskiyar da ke cikin zancen jama'a ita ce yunwa da yaji suna iya tsananta raɗaɗi ga wanda gyambon ya riga ya kama, shi ya sa mai gyambo ɗanye zai nemi shawarar likita kafin Ramalana, alhali kuwa shari'a ta yi wa majinyaci rangwame ya sha ya rama.

Ta biyu, wasu in an ce an ga ƙwayar a jikinsu sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka baƙuwar annoba ce mai kisa. Haƙiƙa ba baƙuwa ba ce, don kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, a ƙasashenmu ma abin ya fi haka, kuma galibi tun ƙuruciya ake ɗaukarta a cikin gida, ta yawu da ruwa marar tsabta da hannun da ba a wanke ba bayan kewayawa, abin da cunkoson lunguna da kusancin rijiya da masai ke sauƙaƙawa. Amma mafi yawan masu ita ba za su taɓa yin ciwo ba. Gaskiya ne a 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta cikin sabubban kansar tumbi, sai dai kaɗan ƙwarai ne take kai wa can. Har ma wani likita da ya yi aiki a Maiduguri, Holcombe, ya rubuta a 1992 yana mamakin yawan ƙwayar a Afirka tare da ƙarancin kansar da ake gani.

Akwai dai waɗansu ƙwayoyin da ke kama tumbi nadiran, kamar Helicobacter heilmannii da ake ɗauka daga kare da kyanwa da alade, da Sarcina ventriculi wadda John Goodsir ya fara siffantawa a Edinbara a 1842, wadda aka fi gani ga wanda abinci ke daɗewa a tumbinsa, da ƙwayar tarin fuka da ta tunjere idan suka sauka can. Waɗannan samuwarsu tabbas ce, amma ba a gane su da kallo ko da labari, sai an zura na'ura ta maƙogwaro an ɗebo ɗan nama an duba, don haka wanda ya ce ya gano su a bakin titi bai faɗi gaskiya ba.

Ta uku, cewa madara ko kanwa na warkar da gyambo. Suna kwantar da ƙuna na ɗan lokaci, amma ba sa kashe ƙwayar Helicobacter pylori, madara ma takan sa tumbi ya ƙara zubo da tsami daga baya. Maganin da aka tabbatar shi ne haɗa magungunan kashe ƙwayar cuta, aƙalla iri biyu, da mai rage tsami, a sha kwana 10 zuwa 14 ba yankewa, saboda wanda ya daina da ya ji sauƙi koya wa ƙwayar jure magani yake yi. Haka kuma ba kowane ƙwannafi ne gyambo ba, bal ma ciwon zuciya yakan zo da irin wannan ƙuna.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa, idan ciwon ya daɗe, je asibiti a gwada ka, ga Asibitin Murtala nan a Ƙofar Mata, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In kuwa ka ga aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko rama ba dalili, ko wahalar haɗiya, kada ka kwana ba ka ga likita ba. Allah Ya ba mu lafiya, Ya ba majinyatanmu sauƙi.