Kyamarar Waya Ta Rage Tsadar Auna Saurin Ɗaga Ƙarfe

'Yan kasuwar da ke son buɗe gidajen motsa jiki a Mile 12 da Agege, inda matasa masu dakon kayan gwari suka san darajar ƙarfin jiki, suna iya rage jarin kayan aiki ta hanyar auna saurin ɗaga ƙarfe da kyamarar wayar hannu.

Amfanin awon shi ne, idan gajiya ta kama mai ɗagawa, saurinsa yakan ragu. Saboda haka wasu masu horarwa kan dakatar da shi da zarar saurin ya ragu da kimanin kashi 20 cikin 100. A da, wannan aiki sai da na'ura irin su GymAware ta Ostareliya, wadda ake shigo da ita da kuɗin ƙasashen waje.

Lissafin ba shi da wuya. Babban faifan ƙarfe na gasa faɗinsa santimita 45 ne, kuma da shi ake gane tsawo a cikin bidiyon. Idan waya tana ɗaukar hotuna 240 a daƙiƙa, ƙarfen kuma ya tashi santimita 50 cikin hotuna 120, wato rabin daƙiƙa, saurinsa mita 1 ne a daƙiƙa. Manhajar kwamfuta ta Kinovea tana wannan aiki kyauta.

Sai dai tilas a kafe kyamarar daidai gefen ƙarfen, domin idan ta karkace lissafin zai ɓaci. Ke nan abin da mai gidan ya adana daga sayen na'ura, ya kamata ya kashe shi wajen samun ƙwararren mai horarwa.