Rediyon Aljihu, Walkman da Dokar Kashe Na'ura a Jirgin Sama

Shekara da shekaru, da zarar an rufe ƙofar jirgi sai ma'aikaciya ta bi layin kujeru tana roƙon fasinjoji su kashe duk abin da ke kunnensu. Da yawa sun ɗauka fin ƙarfi ne kawai, alhali dokar tana da tushe, kuma tushen ya girmi Walkman da iPod.

A 1961 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta haramta kunna rediyon FM na aljihu a cikin jirgi. Rediyo ba kama tasha kaɗai yake yi ba, shi ma yana fitar da ɗan sigina nasa daga ciki, galibi 10.7 MHz sama da tashar da aka murɗo. Zangon FM yana ƙarewa a 108 MHz, daga nan kuma zangon na'urorin da ke nuna wa matuƙi hanya da tsakiyar titin sauka yake farawa. Wato fasinjan da ya kama tasha a 100 MHz, rediyonsa yana raɗa a 110.7 MHz, daidai inda jirgi ya kasa kunne. Raɗar ba ta da ƙarfi, amma ta fi tashar ƙasa da ke aiko wa jirgi sigina kusa da eriyar jirgin nesa ba kusa ba. Wannan tsoro ne mai hujja.

Da Sony ya fito da Walkman a 1979, faifan CD ya biyo baya, iPod ya zo a 2001, sai duk suka gaji dokar. Na'urar kiɗa zalla ba ta aika komai da gangan, sai ɗan abin da ke yoyo daga cikinta. To amma wace ma'aikaciya ce za ta tsaya bincikar wane kaset ne mai rediyo, wanne ne babu? Sai aka yanke cewa a kashe kowacce a ƙasa da ƙafa 10,000, lokacin tashi da sauka, inda kuskure kaɗan ba ya barin damar gyara.

Matuƙa sun sha kai rahoton allurar na'ura ta karkace, ta kuma daidaita bayan an sa wani ya kashe abinsa. Tabbatar da hakan ne ya gagara. A 1995 Boeing ya sayi kwamfutar wani fasinja da aka zarga da katse matuƙin atomatik na jirgin 737, aka gwada ta a jirgin nan dai, matsalar ta ƙi dawowa.

Ranar 31 ga Oktoba, 2013, FAA ta amince a riƙa jin kiɗa daga tashi har sauka, muddin kamfani ya nuna jiragensa suna jure siginar. Turai ta bi sahu kafin shekarar ta fita. Wayar salula kuwa maganarta daban ce, domin hukumar sadarwa ta Amurka ce ta hana kira daga sama tun 1991, don kare layukan ƙasa.

Har yanzu matuƙi na iya cewa a kashe komai idan hazo ya rufe fili, jirgi ya dogara da sigina kaɗai wajen sauka. Ma'aikata kuma suna da gaskiya da suke so a zare iyafis yayin bayanin ƙofofin gaggawa, tunda ana gwada manyan jirage ne a kan kwashe kowa cikin daƙiƙa 90, kuma wanda kiɗa ya toshe wa kunne ba zai ji umarnin farko ba.