Neman Tallafin Karatun Jami'a: Inda Ɗalibanmu Ke Tuntuɓe

Duk shekara idan jami'o'i suka saki sunayen waɗanda suka ɗauka, murnar gida ba ta wuce kwana biyu. A rana ta uku sai a zauna lissafi: kuɗin rajista, ɗakin kwana, abinci, kuɗin mota. Tun daga 2023, da aka cire tallafin man fetur, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista, wannan lissafi ya fi ƙarfin magidanta masu yawa. Wani ya kai akuya kasuwa, wani ya bi dangi gida-gida, wani kuwa ya ce wa yaron ya haƙura sai baɗi. A lokacin ne akan tuna da sikolashif, a shiga tambayar ina ake samunsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi yawan tallafin da ke da tsoka yana da lokacinsa da sharuɗɗansa, kuma wanda ya fara shiri ranar da ya ga sanarwa ya riga ya makara.

Abu na farko da ya kamata iyaye su gane shi ne, ba duk kuɗin da ake miƙa wa ɗalibi ne kyauta ba. Tsarin da ya fi yin suna yanzu, wato NELFUND, bashi ne. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokarsa a watan Afrilun 2024, kuma ya shafi ɗaliban jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati kawai, ban da masu zaman kansu. Asusun yana tura kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, sannan akwai naira 20,000 a wata ta guzuri ga wanda ya nema. Babu ruwa a kan bashin, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa masu gudun riba. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. A ganina, ɗalibin da zai ajiye karatu saboda rashin kuɗin rajista bai kamata ya yi jinkirin nema ba. Amma wanda gidansu za su iya ciyar da shi, ya yi tunani kafin ya haɗa da kuɗin guzuri don kawai ya ga abokai suna samun alat. Ranar biya tana nan tafe.

Akwai kuma alawus ɗin hukumomin tallafin karatu na jihohi, wanda ake ba ɗan jiha don kasancewarsa ɗan jiha. Bai taka kara ya karya ba, yakan kuma yi latti, amma haƙƙin ɗalibi ne, ya cike fom ɗinsa. A Nijar hukumar ANAB ce ke riƙe da wannan fanni.

Wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne tallafin hazaƙa, wanda ba a biya, ba a kuma tambayar ɗan wane ne kai. Ma'auninsa sakamako ne, kuma a nan ɗalibanmu suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Hukumar tallafin karatu ta tarayya tana neman ɗalibin da ya kai aji biyu yana da maki 4.0 cikin 5.0. Gidauniyar MTN tana ɗaukar 'yan aji uku masu karatun kimiyya da fasaha da suka riƙe 3.5, tana kuma da wani tsari na musamman ga ɗalibai makafi. Kamfanonin mai da iskar gas irin su NLNG da Shell da Chevron sun fi karkata ga 'yan ajin farko-farko, su tace masu nema, su kira su jarrabawa a kwamfuta. Duk waɗannan ƙofofi suna buɗewa ne a shekaru ukun farko, wato sakamakon aji ɗaya ne ke yanke hukunci.

To amma ya muke ɗaukar aji ɗaya? Shekarar sabo da gari. Yaro ya zo a makare saboda neman kuɗi, an yi mako huɗu ana lacca, bai san ɗakin karatu ba, ya zauna can baya a zauren da ke cike maƙil inda muryar malami ba ta kaiwa. Ƙarshen shekara ya fito da 2.8, ya ce ai babu komai tunda bai faɗi darasi ko ɗaya ba. Ga lissafin: idan nauyin darussan shekarun biyu ɗaya ne, sai ya ci 4.2 a aji biyu kafin jimillarsa ta kai 3.5. Ana iya yi, sai dai kaɗan ne ke iyawa. Da wani ya gaya masa tun ranar da ya ɗaura akwati cewa makin wannan shekarar kuɗi ne, da ya zauna a layin gaba.

Bayan maki sai takardu, kuma nan abin takaici ya fi yawa, domin mai hazaƙa ne ke faɗuwa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ɗauki yaro guda: a takardar WAEC an rubuta Mohammed, a JAMB Muhammad, a katin ɗan ƙasa Muhammed, a banki kuma sunan mahaifi ya riga nasa. Ranar haihuwa ma biyu ce, ɗaya ta asibiti, ɗaya wadda mai kafen intanet ya ƙirƙira ranar rajista. Kwamfutar da ke tace dubban masu nema ba ta san mutum ɗaya ne ba, watsar da fom ɗin take yi. NELFUND kansa yana neman lambar JAMB da NIN da BVN, kuma sai makaranta ta ɗora bayanan ɗalibi kafin ya iya shiga. Gyaran suna yana cin makonni, wani lokaci har da takardar rantsuwa ta kotu, shafin neman tallafi kuwa ba ya jira. Haka batun imel. Ɗalibai da yawa mai kafe ne ya buɗe musu, shi ke riƙe da lambar sirri. Gayyatar jarrabawa ta shigo, ta kwana, ta wuce, mai ita yana gida yana cewa ba a ɗaukar ɗan talaka.

Masu hangen ƙasar waje su ma su san kalandarsu. Tallafin gwamnatin Turkiyya yakan buɗe daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Mai neman digiri na farko sai ya kasance ƙasa da shekara 21, da sakamakon da ya kai kashi 70 cikin 100, likitanci kuwa kashi 90. Suna ɗaukar kuɗin makaranta da masauki da tikitin jirgi, da shekara guda ta koyon harshensu. Chevening na Birtaniya na digiri na biyu ne, yakan buɗe a watan Agusta, yana neman gogewar aiki ta awa 2,800, da alƙawarin dawowa gida na shekara biyu. Asusun PTDF yana tura masu neman digiri na biyu da na uku a fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. Gwamnatin Kano ta farfaɗo da tura masu digiri mai daraja ta ɗaya zuwa waje a 2023. Shi kuwa tsohon shirin musayar ɗalibai na BEA, wanda ya kai 'yan Najeriya Rasha da Maroko da Hungary, gwamnatin tarayya ta sanar da tsayar da shi a 2025, don haka duk wanda ya ce yana da gurbi a ciki, a yi hattara da shi.

Irin waɗannan tsare-tsare sukan nemi ɗalibi ya rubuta bayanin kansa da dalilin da ya sa ya cancanta. Kada a kwafo na wani daga intanet. Masu tantancewa sun karanta irinsa har sun gaji. Yarinyar da ta rubuta yadda take koyar da ƙannenta lissafi bayan Magariba, da abin da ta gano game da inda yara ke rikicewa, ta fi wanda ya cika shafi da manyan kalmomin da ba nasa ba. Malamin da zai rubuta maka takardar shaida kuma a sanar da shi da wuri, ba ana gobe za a rufe ba.

Sai 'yan damfara, waɗanda kasuwarsu ke ci a WhatsApp da Facebook. Hukumomin da na ambata ba sa sayar da fom, ba su da dillali, ba sa cewa a tura saƙo ga mutum ashirin kafin a ga sakamako. Wanda ya nemi lambar katin bankinka ko lambar sirrin da banki ya turo maka, ɓarawo ne. A shiga shafin hukumar da kanta, ko a tambayi ofishin kula da harkokin ɗalibai na makaranta.

Iyaye, ko da ba ku yi boko ba, akwai abin da ke hannunku. A wannan makon ku sa yaro ko yarinya su baje takardunsu a tabarma, a duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya, a fara gyaran abin da ya saɓa. Idan kuma sun dawo hutun zangon farko, ku tambaye su maki nawa suka samu, su faɗa muku da lamba.