Zumuncin 'Yan Aji: Yadda Ɗaliban Shekarar Korona Suka Sake Haɗuwa A Kumasi

Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. A zangunanmu na Gana ba a bar mu a baya ba wajen zuwa biki da suna da jana'iza, to amma akwai wani reshe na zumunta da muka daɗe muna sakaci da shi, wato na waɗanda suka zauna aji ɗaya a makarantar sakandare. Yaro zai yi shekara uku da abokinsa, su jiƙa gari a kwano ɗaya, su sha horo tare, amma ranar da aka ajiye biro a jarrabawar WASSCE shi ke nan an rabu, ko da kuwa ɗaya yana Aboabo ɗayan yana Asawase.

Mu da muka gama a shekarar 2020, rabuwarmu ta sha bamban da ta kowa. Mu ne rukunin farko da suka shiga sakandare a watan Satumba na 2017, lokacin da gwamnati ta fara shirin karatun sakandare kyauta, kuma a ajinmu akwai yaran zango da dama waɗanda in ba don wannan shiri ba da a kasuwar Kejetia ko garejin Suame za su tsaya. Muna shekarar ƙarshe cutar korona ta shigo, aka rufe makarantu a ranar 16 ga Maris, 2020. A gida muka yi azumin wannan shekara, masallatai a rufe. Sai a ranar 22 ga Yuni aka mai da mu makaranta da takunkumi a fuska, aka kuma hana iyaye ziyara. Da muka gama jarrabawa a watan Satumba, babu bikin sallama, babu hoton aji, kowa ya ɗauki akwatinsa ya kama hanya.

Saboda haka da wasu daga cikinmu suka kawo shawarar a nemi juna, aikin bai zo da sauƙi ba. Lambobin wayar da muka rubuta wa juna a bayan littafi yawancinsu sun daina shiga. Facebook da WhatsApp sun taimaka, amma abin da ya fi aiki shi ne hanyar iyayenmu: a je ƙofar gida a yi sallama. Wani ta hannun limamin unguwarsu aka same shi, wata ta hannun yayarta mai sayar da koko da ƙosai, wani kuma sai da aka bi majalisun ataya ɗaya bayan ɗaya. Aka sa rana a cikin hutun Babbar Sallah, domin a lokacin ne waɗanda ke Ankara da Tamale da Techiman ke dawowa gida.

Ranar taron, sa'a guda ta farko ta tafi ne a dariya. Wanda muka sani siriri kamar sanda ya ajiye tumbi da gemu, wadda ba ta iya buɗe baki a aji yanzu ita ce ma'aikaciyar jinya mai tsawata wa marasa lafiya. Sunayen tsokana da aka manta duk suka dawo. Aka tuna da daren da shito ya ƙare a akwatin kowa, aka ci gari da gishiri. Aka tuna da azumin makaranta, yadda muke ɓoye abincin yamma har zuwa sahur, da wani abokinmu Kirista wanda ya ɗauki nauyin tashe mu da asuba, har ya fi wasunmu kiyaye lokaci. Shi ma ya zo taron, da jallabiyar aro. Malamanmu biyu sun amsa gayyata, kuma malamin lissafi da muke gudu kamar mutuwa shi ne ya fi kowa ba da dariya, domin ya riƙe sunan duk wanda ya taɓa kamawa yana barci.

To amma da aka ɗauko rajistar aji aka fara kiran suna kamar yadda ake yi da safe, sai wurin ya yi tsit. A nan ne da yawa daga cikinmu suka fara jin cewa ɗaya daga cikin 'yan ajin ya rasu, an yi sadakar arba'in ba tare da ko mutum ɗaya daga cikinmu ya je ya yi wa mahaifiyarsa gaisuwa ba. Wani kuma ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, rabon da danginsa su ji muryarsa an daɗe. 'Yan mata biyu suna aikatau a ƙasashen Larabawa. Aka yi addu'a ga mamaci, aka roƙa wa matafiya kariya.

Akwai kuma wasu da suke nan cikin garin Kumasi, saƙo ya kai musu, amma suka ƙi zuwa. Da aka bincika sai aka tarar kunya ce. Wanda yake tuƙa Pragiya ko yake talla a bakin titi yana ganin bai da fuskar da zai zauna da wanda ya gama jami'a. Wasu 'yan uwanmu mata kuma mazajensu ne ba su amince ba. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, domin in taron 'yan aji ya zama wurin nuna mota da sabuwar waya, to waɗanda suka fi bukatarsa su ne za su guje shi.

Mai karatu, dubi yadda manyan makarantun ƙasar nan suke. Mfantsipim da aka kafa a 1876, wadda marigayi Kofi Annan ya yi, da Achimota da Prempeh College, duk ƙarfinsu yana ga tsofaffin ɗalibansu. Kowane rukuni na shekara yana da shugabanni da asusu, suna komawa su gina ɗakin karatu ko su haƙa rijiyar burtsatse, kuma in ƙaramin ɗalibi ya fito neman aiki, akwai babba da zai ɗaga masa waya. Yaron zango kuwa sau da yawa shi ne na farko a gidansu da ya gama sakandare. Ba shi da kawu a ma'aikata, ba shi da yaya a banki. 'Yan ajinsa su ne kawunsa, su ne yayyensa. In ya yar da su, da wa zai kama?

Wannan ya sa ba mu tashi taron ba sai da muka tsai da abubuwa. Na farko, maganar komawa karatu. Da yawa daga cikinmu darasi ɗaya ne ya tare musu hanya, galibi lissafi ko Turanci, domin jami'a tana neman sakamako daga A1 zuwa C6 a darussa shida, wanda ya samu D7 kuwa sai ya sake. Jarrabawar masu zaman kansu da aka fi sani da Nov/Dec tana nan, kuma waɗanda suka yi kwalejin horon malamai a cikinmu sun ɗauki alkawarin koyar da 'yan uwansu kyauta ranakun Asabar da Lahadi. Bugu da ƙari, jami'o'in ƙasar nan suna karɓar manyan ɗalibai da suka kai shekara 25 ta hanyar jarrabawar shiga ta musamman, kuma rukuninmu ya fara kai wannan shekaru. A 2025 gwamnati ta fara ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantunta. Wasu a wurin taron ne suka fara jin waɗannan bayanai.

Na biyu, asusu. Mun san yadda kuɗi ya kashe ƙungiyoyi da yawa a zango, saboda haka muka sa abin da kowa zai bayar a wata kada ya wuce kuɗin kwanon shinkafa da wake, a tura ta MoMo, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa, kuma ba a cire ko sidi ɗaya sai da yardar mutum uku. Kuɗin na rajistar jarrabawa ne da rashin lafiya da rasuwa. Babu anko, babu liyafa a otal. Na uku, aka naɗa mutanen da za su je gidan marigayi su gai da mahaifiyarsa, da waɗanda za su bi 'yan uwan da kunya ta hana zuwa har wuraren sana'arsu. Mai Pragiya da mai digiri kuri'arsu ɗaya ce a wannan ƙungiya.

Ina kira ga iyayenmu da mazajen 'yan uwanmu mata da su dubi wannan al'amari da idon basira. Taronmu da rana ake yin sa, a filin makarantar Islamiyya, a gaban malamai, kuma duk maigidan da yake so ya rako iyalinsa ƙofa a buɗe take. Matar da ta gama sakandare ta yi aure ba ta rasa damar komawa karatu ba, kuma 'ya'yanta ne za su fara cin moriyar hakan. Haka nan ina roƙon sarakunan zango da limamai da su riƙa ba irin waɗannan ƙungiyoyi wurin zama, su kuma sa musu albarka.

Ga sauran matasa na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina da duk inda wannan jarida ke zuwa, kada ku jira sai kun yi kuɗi kafin ku nemi juna. Mutum uku sun isa su fara, kuma rajistar ajinku tana nan a makarantarku. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya dawo da matafiyanmu lafiya, Ya kuma bar zumunci, amin.