Yamai: Yadda alawa da lemon leda ke cinye gurbin abinci a cikin yara

Da zarar an tashi shan iska da hantsi, ƙofar kusan kowace makarantar firamare a birnin Yamai sai ta koma ƙaramar kasuwa. Daga Bukoki zuwa Talladje, daga Yantala zuwa Harobanda da ke tsallaken kogin Isa, teburin iri ɗaya ne: alawa mai tsinke, cingam, biskit, farimasa da aka barbaɗa wa sukari, sai kula cike da bisap da lemu-hari masu ƙanƙara a leda. Da dala biyar ko dala goma yaro ya samu abin tsotsa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba mai ganin laifinsa idan ya nufi mai ƙanƙara a guje.

A ƙasar da aka fi sani da matsalar tamowa, batun rage wa yara sukari kan yi kama da maganar masu ƙoshi. Binciken abinci mai gina jiki da ake yi a Nijar ya sha nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Uwar da ke fama a samu ɗanta ya ci wani abu, idan aka ce mata ta hana shi biskit, tana da hujjar ta yi wa mai faɗar kallon mamaki.

Sai dai matsalolin biyu a cikin ciki ɗaya suke haɗuwa. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu ƙarami ne, abu kaɗan ke cika shi. Idan biskit da ruwan zaƙi suka riga shiga, to kunun gyaɗa, wake ko ƙwan da aka ajiye masa sun rasa wurin zama. Ya ƙoshi, amma jikinsa bai samu abin gina jini da ƙashi ba. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan yara 'yan wata 12 zuwa 23 a yankin Katmandu na ƙasar Nepal ya gano cewa kayan ƙwalama na ba su kusan kashi ɗaya bisa huɗu na kuzarin da suke samu daga abinci, kuma waɗanda suka fi cin su sun fi sauran gajarta. Nepal na da nisa, amma kantin unguwa iri ɗaya ne.

A gida ma labarin bai canza sosai ba. Karin kumallon gidaje da yawa a Yamai shayi ne da burodi, wani lokacin da madarar gwangwani mai zaƙi, kuma ɗan yaye na kan cinyar uwa ana kurɓa masa. Bayan sukarin, ganyen shayin kansa na rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da binciken lafiyar iyali na 2012 ya samu fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙananan yara da ƙarancin jini.

Matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take. A ƙa'idarta ta 2023 ta ce kada a ba yaro ɗan wata 6 zuwa 23 lemon da aka zuba wa sukari, ko abinci mai yawan zaƙi da gishiri. Tun a 2015 kuma ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, zai ma fi kyau ya sauka ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25 ga babban mutum. Gwangwanin lemo ɗaya mai santilita 33 na ɗauke da kusan giram 35. Abin da ya fi ƙarfin uba, shi ake miƙa wa ɗan shekara uku a wajen suna.

Illar ba ta tsaya ga ruɓewar haƙori ba. A Birtaniya an taƙaita sayar da sukari tun lokacin yaƙin duniya na biyu har zuwa watan Satumban 1953. Masu bincike sun bi sawun waɗanda aka haifa gab da ɗage takunkumin da waɗanda suka zo bayansa, suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 2024: waɗanda suka yi kwanaki 1,000 na farkon rayuwa cikin ƙarancin sukari, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100, na hawan jini da kusan kashi 20.

Masu hali da ke sayen abincin jarirai na gwangwani ba su tsira ba. A watan Afrilun 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoton da ya ce Cerelac mai ɗanɗanon biskit da ake sayarwa a Senegal na ɗauke da kusan giram 6 na ƙarin sukari a kowane damu, alhali irinsa a Suwizalan ba shi da ko kaɗan. Kamfanin Nestlé ya amsa da cewa yana bin dokokin ƙasashen da yake kasuwanci, kuma yana rage sukarin. Karanta bayan gwangwani kafin a biya kuɗi ya zama dole, haka ma ga 'yan uwa mazauna Faransa, Amurka ko Abijan da ke cika akwati da cakulan a matsayin tsarabar yara.

Hana sayarwa a ƙofar makaranta kuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Yawancin masu teburin nan mata ne da ke ciyar da nasu 'ya'yan da ribar, kuma mai bisap ta san idan ta rage sukari yaran za su koma teburin maƙwabciyarta. Wanda ke da iko na gaske shi ne mai ba da kuɗin da safe. Dala goman da ke sayen alawa biyu tana sayen ƙullin gyaɗa, kuma a wuri guda akan samu mai dambu da kopto na zogale, wani lokacin da dafaffen wake. Ɗan da bai kai shekara biyu ba kuwa bai san hanyar kanti ba tukuna. Duk zaƙin da ya saba da shi, wani babba ne a gidan ya fara ɗanɗana masa.