Buntun Shinkafa Da Tsohuwar Leda

Duk inda ake casar shinkafa, kamar Kura ta Kano ko Birnin Kebbi, ba a rasa tulin buntu a bayan inji. Dalili kuwa, kashi 1 cikin 5 na nauyin shinkafar da ba a casa ba, buntu ne. Ga kuma tsohuwar leda ta cika gonaki, akuya ko saniya ta haɗiye, ta rame, wani sa'i har ta mutu. To, masana sun gano in aka gama waɗannan shara biyu, sai su ba da katako mai amfani.

Ga yadda ake yi. Ana tara leda da tsofaffin jarkoki, a wanke, a daddatsa ƙanana. Buntu kuma a niƙa shi ya zama gari, a busar da shi ƙayau, domin in da sauran danshi, tururi zai bar ƙofofi a cikin katakon, ya raunana. Sa'an nan a cuɗa su cikin inji, a narka robar. Ba a barin zafi ya wuce digiri 200, don kada buntun ya ƙone. Akan ƙara wani magani kaɗan mai haɗa su, gama roba ba ta shan ruwa, buntu kuwa yana sha, ba su kama juna sai da shi.

Roba ita kaɗai takan lanƙwashe. Buntu shi ke ba ta tauri, domin akwai sinadari irin na rairayi a jikinsa. Ita kuma ta lulluɓe shi, ruwa da gara ba su cinsa da sauri. Amma in buntu ya yi yawa, katakon yakan tsotsi ruwa, ya karye. A Amurka, kamfanin Trex da aka kafa a 1996 yana yin irinsa da garin katako da tsohuwar leda.

Gargaɗi ga manomi: wannan aikin inji ne. Kada ya narka roba a tukunya a gida, hayaƙinta yana cutar huhu. Nasa dai shi ne ya ajiye buntu inda ruwa ba ya taɓa shi, ya tsince ledar gonarsa kafin dabbobi su shiga kiwo. Ko mai saye bai zo ba, ya ceci akuyarsa.